Ƙunshi Zuwa Rumbu

A Sinnar, bayan isha'i, wuta ta dawo.
Na ture kofin gahawa gefe,
na buɗe abin da Ustaz Mudassir ya bari:
layi dubu goma sha tara,
su ke buɗe bawul, su ke rufe bawul,
su ke tambayar ƙasa ko ta sha ta ƙoshi
a fegi arba'in da biyu na gonar gwajinmu.

Shekara goma sha ɗaya manhajar nan
tana zaune cikin kwamfuta guda
mai fanka mai tarin tsufa.
Ran da ta faɗi, audugarmu za ta bi ta.
Shi ya sa na ce zan ƙunshe ta
in kai rumbun Debiyan,
inda kowa zai ɗiba da layi ɗaya
ba sai ya san sunana ba.

Ashe bakin rumbu akwai mai awo.
Wata mata ce, ban taɓa jin muryarta ba,
safiyarta ce la'asar ɗina.
Ta ce: wannan laburaren da ka cusa ciki,
muna da shi, fitar da naka.
Ta ce: hanyar nan da aka rubuta da hannu
zuwa ɗakin Ustaz take, ba kowa ke da ɗakin ba.
Na yi faci. Na sake faci.
Abin ya ginu a injina, ya rushe a nasu,
don wata lamba da ta fi ƙarfin gurbinta.
Kwana shida na neme ta.
Barira ta daina ajiye mini kisra da zafi.

Sai na uku, wanda ya tsaya mini a wuya:
fayil ɗaya, ƙarami,
shi ke magana da na'urar auna laima.
Ba lasisi. Suna kawai a samansa:
Ɗalha Ishaƙa, ɗalibi.
Ta ce: ba ma ɗaukar kayan da mai shi bai yafe ba.
Na fusata. Sannan na tuna kakana
ba ya saye a hannun yaro
sai ya ji daga bakin mai akuya.

Na bi sawun Ɗalha daga waya zuwa waya.
Mai Wurno aka ce, aka ce a'a, Gadarif.
Can na same shi yana auna riɗi,
farin buhu har saman kansa.
Ya yi dariya har ya zauna.
Wai abin da ya rubuta cikin dare biyu
don kar Ustaz ya kayar da shi,
shi ke shayar da gona har yau?
Ya ce: ɗauki, na bar wa duniya.
Na ce: duniya takarda take so.
Ya goge hannu a jallabiya, ya buga a wayata,
yatsansa na barin mai a gilashi.

Na ɗaure ƙunshin, na sa hannu da makullina,
na tura da asuba kafin a ɗauke wuta.
Layi ya yi tsawo. Wata biyu shiru.

Amsar ta zo ina cikin kwata, laka har gwiwa.
Kalma ɗaya: an karɓa.
Ba kiɗa, ba wanda ya juyo.
Famfo na bakwai ya tashi a kan lokacinsa.

Jiya wani ya rubuto daga ƙasar da ban iya faɗa ba,
wai bawul ɗinsa yana makara da daƙiƙa uku.
Ban san shi ba, ban san me yake shukawa ba.
Na ce wa Barira ta rufe kisrar,
na jawo kujera.